Ilmin Da Bai Sauko Hannu Ba

Wannan ita ce laccar da aka yi a taron 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa a Talata Mafara, da yammacin wata Talata bayan kasuwa ta fara watsewa. Mutanen Bakura da na Maradun sun halarta. Mun buga ta yadda aka faɗe ta, domin wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Iyayenmu dattawa, malamai, 'yan kasuwa maza da mata, manoma, masu sana'a, da ku samari 'yan makaranta da muka hango can baya kun jingina da babura, muna yi muku barka da zuwa. Mun san kun wuni cikin rana, wani ya yi ciniki, wani bai yi ba, saboda haka ba za mu tsare ku har a kira magariba ba.

Maganarmu ta yau ta 'ya'yanku ce. Akwai wani lokaci cikin karatun ɗan kwaleji da a kan sallame shi daga aji, a ba shi wasiƙa da wani littafi, a ce ya tafi ya nemi inda a ke aiki, ya zauna watanni ya koya da hannunsa. Da yawa cikinku kun san wannan wasiƙa. Wasu an kawo muku ita gareji ko shago, wasu kuwa kun sayar da akuya kun ba yaro kuɗin mota ya tafi da ita Gusau ko Sakkwato. Amma kaɗan ne aka taɓa zaunar da su aka gaya musu mene ne wannan abu, wa ya kafa shi, kuma ina hakkin ɗan talaka a cikinsa. Abin da ya tara mu ke nan.

ASALIN ABIN

Cikin 1971 Gwamnatin Tarayya ta kafa wata hukuma ta horad da ma'aikata, sunanta ITF, babban ofishinta yana Jos. Cikin 1973 wannan hukuma ta fito da tsarin da 'yan makaranta ke kira SIWES. Dalili kuwa shi ne masu masana'antu sun yi ta kuka, suna cewa yaran da ke fitowa daga manyan makarantu sun san sunan inji, sun iya zana shi a allo, amma in an ajiye su gabansa sai su tsaya suna kallonsa yana kallonsu.

Ga yadda aka shirya abin. Mai neman ƙaramar difloma, in ya gama shekarar fari, ya kan fita wata huɗu. Ɗan jami'a mai karatun injiniya ko kimiyya galibi wata shida ne. Wanda ya sami ƙaramar difloma kuma, a kan nemi ya yi shekara guda yana aiki kafin ya komo neman babbar. Shi littafin nan da a ke ba yaro, kullum zai rubuta abin da hannunsa ya taɓa a ranar, ƙarshen mako ubangidansa na wurin aiki ya duba ya sa hannu, sa'an nan malami ya zo daga makaranta ya gani da idonsa ko gaskiya ne.

To, jama'a, wannan baƙon abu ne gare mu? Ɗan maƙeri da zuga-zugi ya ke farawa, ya daɗe yana kallon ƙarfe yana ja kafin a miƙa masa guduma. Kowane ɗan kasuwa da ke nan ya yi zaman yaron shago, ya auna mudu gaban ubangida, an kwaɓe shi, an gyara masa, kafin a ce ya kama gabansa. Gani ya kori ji, mun san wannan tun kafin boko ya zo. A Jamus ma, ƙasar da injunanta suka cika duniya, yaro mai koyon sana'a ya kan raba makonsa, kwana uku ko huɗu a ma'aikata, sauran a makaranta, har shekara biyu zuwa uku da rabi, ana kuwa biyansa kowane wata. Ku riƙe wannan kalma ta biya, za mu komo kanta.

DARASIN BAKOLORI

Wani zai ce, ina ruwan mai sayar da barkono da wannan magana? To, bari mu ɗauki abin da kowa ya sani.

An gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato cikin 1978. Wani kamfanin Italiya ya gina ta. An shirya za ta shayar da gonaki wajen hekta 23,000 a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, wajen 8,000 da ruwan kanal mai gangarowa da kansa, wajen 15,000 da famfunan feshi masu aiki da wuta. Talakawan ƙasar nan sun biya kuɗinta da gonakinsu da kufan gidajensu, wasu kuwa da rayukansu, gama cikin watan Afrilu na 1980 'yan sanda sun buɗe wa manoma wuta a Birnin Tudu saboda sun tsaya kan maganar diyya. Akwai dattawa a taron nan da suka san waɗanda aka binne. Allah ya jiƙan su.

Bayan wannan tsada duka, me ya faru? Famfunan feshin nan, waɗanda su ne kashi biyu cikin uku na aikin, suka tsaya. Kanal suka cushe da yashi da ciyawa, ƙofofin ruwa suka yi tsatsa. Dalilai suna da yawa. Akwai rashin wuta, akwai kayan gyara da sai an yi odar su daga waje, akwai kuɗin kulawa da ba a ba da ba. Amma mu muna ƙara ɗaya, mu ce: an kawo injuna, ba a tara wa injunan hannuwa ba. Da a ce kowane ƙauye da ke bakin kanal yana da samari biyu ko uku da suka san cikin famfo kamar yadda suka san cikin gidansu, suka iya auna gangaren ruwa, suka san ƙarfen da za a iya ƙerawa a nan ba sai an jira jirgi ba, da ɓarnar ba ta kai inda ta kai ba.

Cikin 2014 Bankin Duniya ya yarda da ba Nijeriya rancen kusan dala miliyan 500 domin gyaran manyan ayyukan ban ruwa na Arewa, Bakolori tana ciki, aka kuma shirya ƙungiyoyin manoma masu shan ruwa su riƙa kula da ƙananan kanal da kansu. Madalla. Amma rance ne fa, jikokinmu za su biya. In aka sake barin abin babu masu gyara, za mu biya kuɗin dam ɗaya sau biyu, mu koma jiran damina. Ran da ruwa ya yanke wa manomin shinkafa, mai casa ya zauna, dillali ya zauna, direba ya zauna, mai sayar da barkono ma ta ga babu mai saye. Ashe akwai ruwanta.

Kuma ba makarantu muka rasa ba. Ga Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau nan cikin garin nan, an kafa ta tun 1992, aka sa mata sunan injiniyan nan ɗan ƙasa wanda ya rasu cikin 1994. Ga Kwalejin Aikin Gona da Dabbobi a Bakura. Garuruwan nan uku kowanne ya ba Jihar Zamfara gwamna, Bakura cikin 1999, Talata Mafara cikin 2011, Maradun cikin 2019. Ƙasar da ta iya fid da gwamna uku, lalle ba ta rasa yaran da za su iya gyaran famfo ba. Makaranta tana nan, dam yana nan, tsakaninsu tafiyar babur ce. Watannin nan na koyon aiki su ne gadar da ta kamata ta haɗa su.

INDA A KE ƁATA SHI

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mun ga hanya uku da a ke ɓata wannan tsari, kuma akwai hannunmu a ciki.

Ta fari, cinikin sa hannu. Yaro ya kwanta gida wata huɗu, ran da lokaci ya ƙare ya ari littafin abokinsa ya kwafe, ya tafi wurin wani mai hatimi ya ba shi na goro, a buga masa. Uba ya sani, ya yi shiru, yana ganin an huta da kuɗin mota. To, wa aka cuta? Gobe yaron nan ne za a ba ginin ajin da ƙanensa zai zauna ciki. Shi ne zai yi wa sanka allura. Takardarsa za ta ce ya iya, amma bango ba ya karanta takarda kafin ya faɗi.

Ta biyu, mai da ɗan koyo ɗan aike. An karɓi yaro a ofis, daga safe har la'asar aikinsa sayo shayi da share tebur da ɗaukar jakar mai gida. Ba mu ce shara ƙasƙanci ce ba, kowane ɗan koyo ya yi ta. Amma in wata huɗu suka ƙare bai taɓa abin da ya zo dominsa ba, an ci amanarsa, an ci amanar ubansa.

Ta uku ita ce ta fi ci mana rai. Wuraren da akwai manyan injuna da ƙwararru ba su da yawa, shiga cikinsu kuwa sai da ɗan kati daga wani babba. Ɗan mai hali ya sami kati, ya tafi Kaduna ko Abuja, yana da ɗakin kwana gidan baffansa. Ɗan talaka ya yi ta yawo da wasiƙa har ta yage a aljihu. In ma Allah ya sa ya samu, me zai ci? Alawus ɗin da aka yanka wa ɗalibi cikin wannan tsari ya yi shekara da shekaru yana naira 2,500 a wata, sau da yawa kuma sai yaro ya daɗe da komawa aji kafin ya gan shi. Ku kwatanta da mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu cikin 2024, watau naira 70,000. Ku 'yan kasuwa ku ne alƙalai, ku faɗi kwana nawa naira 2,500 za ta ci da saurayi a garin da bai san kowa ba. Koyon da sai mai guzuri ke iya yi, ai an rufe wa talaka ƙofa ke nan ba tare da an ce masa kada ya shiga ba.

Sa'an nan ga halin da ƙasarmu ta shiga. Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da aka kwashe 'yan mata 279 a makarantar Jangebe cikin Fabrairu, aka shiga kwalejin Bakura cikin Agusta, aka ɗauke yara 73 a Kaya ta ƙasar Maradun ran 1 ga Satumba, har aka rufe kasuwannin mako, aka yanke waya. Uwar da ta ga wannan, wa zai zarge ta in ta ce ɗiyarta ba za ta bi hanya ba? Wannan shi ya sa mu ke cewa, wurin koyo na kusa da gida ya zama tilas, musamman ga 'yan mata.

ABIN DA KE HANNUNMU

Yanzu mu zo ga wanda ba ya bukatar izinin kowa.

Kai mai walda, kai bakanike, kai mai injin casa, mai naɗin waya, mai haɗa wutar sola, birkila, kafinta, mai gyaran injin ban ruwa, kai manomi mai kadada biyu a bakin kanal, kada ka raina kanka. Kai ma malami ne. Abin da ka sani, wani farfesa bai san shi ba. In yaro ya zo maka da wasiƙa, kuma makarantarsa ta yarda da wurinka, ka karɓe shi. Ka sa shi ya kwance, ya ɗaura, ya ɓata, ka gyara masa. Ka ba shi abincin rana kamar sauran yaranka. Ran sa hannu kuwa, in ba ka iya boko ba, ka sa ya karanta maka abin da ya rubuta, in ya ce ya kwance inji alhali bai kwance ba, ka ce a'a, sai ya kwance. Wannan a'a taka ta fi masa kyautar riga.

Kada kuma ku zaci sadaka ce kurum. Yaron nan yana da abin da zai ba ku. Nawa ne cikinmu bashinsu ke cikin kai kaɗai, ran da mutum ya kwanta ciwo rabin dukiyarsa ta bi iska? Ɗan koyon akawu zai buɗe maka littafi, shiga daban, fita daban, bashi daban, ka ga inda ribarka ke zurarewa. Ɗan aikin gona zai karanta maka rubutun da ke jikin galan ɗin maganin feshi, ya gaya maka murfi nawa a ke zubawa, da kwana nawa za a jira kafin a tsinki tumatir a kai kasuwa. Ɗan safiyo zai auna maka gona ka san iyakarka, ka san takin da za ta ci. Yarinya mai koyon aikin lafiya za ta shiga inda namiji ba ya shiga, ta yi wa matanmu bayanin ruwan gishiri da sukari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kai da sifana, shi da alƙalami, ku yi musaya, kowa ya tashi da biyu.

Ƙungiyoyin kasuwa da na masu sana'a, ku ne za ku shirya wannan. Kowace ƙungiya ta rubuta sunayen waɗanda suka yarda su karɓi ɗan koyo, da irin aikin da za su koya masa, shugabanni su ɗauki takardar su kai wa hukumar makaranta da kansu. In an yi haka, ɗan da ba shi da kati ya sami kati, ƙungiyar ubansa ita ce katinsa.

GAYYA DA AIKIN TILAS

Akwai kuma aikin sa kai, wanda ba wasiƙa, ba littafi. In an yi hutu, babu abin da zai hana 'yan makarantar unguwa su haɗu su yashe kanal tare da manoma, su koya wa ƙannensu karatu da yamma, su taimaka ran rigakafi, su rubuta wa tsofaffi takarda. Iyayenmu gayya su ke ce masa. Saurayin da ya yi wannan ya koyi abin da babu shi a allo, watau yadda a ke magana da dattijo, yadda a ke raba aiki, yadda a ke riƙe kuɗin jama'a a ba da lissafi. Mun san waɗanda hanyar abincinsu ta buɗe daga nan, don an gan su suna aiki ba a sa su ba.

Amma fa mu yi hattara. Kakanninmu sun san gayya, sun kuma san aikin tilas, irin wanda aka kwashi mutane zuwa haƙar kuza a Jos lokacin yaƙin Hitila, daga 1942 zuwa 1944. Ba su taɓa rikita su ba. Gayya, kai ka zo da ƙafarka, mai gona ya ci da kai, gobe kuma a yi taka. Saboda haka in ka ga asibiti ko makaranta ko kamfani sun riƙe saurayi shekara biyu, shekara uku, yana aikin cikakken ma'aikaci, ana ce masa sa kai ne, ka yi haƙuri za a ɗauke ka, alhali gurbin yana nan ana jiran ɗan wani, wannan ya tashi daga gayya. Aikin sa kai yana da ranar farawa, yana da ranar ƙarewa, yana da abin da za a koya, kuma a ƙarshe a ba yaro takardar shaida. Wanda ya rasa waɗannan, a kira shi da sunansa.

ABIN DA MU KE NEMA

Ga hukuma kuwa, bukatunmu huɗu ne, ba mu roƙo, hakki ne.

Na ɗaya, a ƙara alawus ɗin ɗan koyo ya kai abin da zai ci da mutum, a kuma biya shi wata-wata yana cikin aikin, gama abincin da ya zo bayan an yi barci ba ya maganin yunwar jiya.

Na biyu, hukumar da ke riƙe da Bakolori, da sashen ayyuka da na gona na ƙananan hukumomin nan uku, da asibitoci, su faɗi yawan 'yan koyon da za su ɗauka kowace shekara, a manna a allo kowa ya gani, a ɗauka bisa cancanta.

Na uku, kowane ɗan kwangilar da aka ba aiki da kuɗin jama'a a ƙasar nan, hanya ce, ko gini, ko kanal, a rubuta cikin yarjejeniyarsa cewa tilas ya ɗauki ɗaliban wurin su koya a gefensa. In ya tafi da injunansa, ya bar mana masu gyara.

Na huɗu, a ba malaman makaranta kuɗin zagaye, su riƙa zuwa duba yara a inda su ke, domin mai cinikin sa hannu ya rasa kasuwa.

Ku kuwa 'yan makaranta, ga tamu gare ku. Kada takarda ta sa ku ƙyamar baƙin mai. Mutumin da za ka tsuguna gabansa a gareji, watakila bai iya rubuta sunansa ba, amma yana jin ciwon inji da kunne tun kafin a buɗe shi. Ka gaishe shi, ka ce masa maigida, ka riga shi zuwa, ka yi tambaya. Aikin gwamnati ba zai ishe ku duka ba, kun sani, mun sani. Abin da ya shiga hannunka kuwa, ba mai sallamarka daga gare shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, watannin nan huɗu su ne lokacin fafewa.

Jama'a, mun ga rana ta yi ƙasa, masu nisa suna son su kama hanya da sauran haske. Abin da mu ke roƙo, kowane shugaban ƙungiya da ke nan ya zo mana Talata mai zuwa da sunayen mutanensa da suka yarda su karɓi yaro ko guda ɗaya ne. Wanda ya yarda tun yau, ga magatakarda nan zaune da littafi, ya tsaya ya rubuta kafin ya wuce.

Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya tsare hanyoyinmu, ya sa albarka cikin kasuwa da gona, ya kai kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.